Ban Haƙuri a Gidan Fada

Ranar da na fara ganinta ban san Sista ce ba. Ta yaya zan sani? Mace ce doguwa mai furfura, ta rage gashi kamar na namiji, ga wando, ga takalmin gudu, tana tsaye a bakin coci tana ƙyaƙyata dariya har ana ganin dasashinta. A garinmu, can kudancin Kaduna, sistocin da suka koya mana karatu fari fat suke sawa daga sama har ƙasa, ko kunnensu ba mu taɓa gani ba. In ɗaya ta tunkaro, ko ƙaiƙayi kike ji sai ki daure har ta wuce. Saboda haka da wannan ta miƙo mini hannu ta ce ita ce Sistar cocin, sai na dubi wandon, na dubi fuskarta, na ce a raina, to, yau na ga ikon Allah.

A farkon shekarun tamanin ne. Na zo ƙasar waje ƙaro karatun jinya, ina kuma aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Na kama hayar ɗaki a ƙarƙashin wani gida a wani gari da ake kira Wheaton, tagarsa daidai da ƙafafun masu wucewa, har na fi sanin takalman maƙwabtana a kan fuskokinsu. A gida gaisuwa kaɗai takan cinye mini rabin safiya. A nan kuwa sai in tashi daga aiki ranar Juma'a, in koma ranar Litinin, in tarar muryata ta dushe don ban yi magana da kowa ba. Kaɗaici ya ci ni, ba wani suna da zan sa masa. Wani lokaci nakan kunna rediyo, mai labarai yana magana ina ce masa "haka ne, haka ne," don dai in ji an yi hira a ɗakin.

Na ɗauka coci ce za ta zama magani. Ina! A wurinmu in an tashi daga Mas, wato addu'ar Lahadi, matan zumunta za su baje a gindin mangwaro da tukwanen kiɗa da caki, ba mai tafiya sai rana ta karkata. A nan Fada, limamin cocin, yana sa albarka, kowa ya zaro makullin mota. Kafin in gama gyara ɗankwali fili ya zama wayam. Ni kuma sai in taka zuwa wurin jiran bas, wadda ranar Lahadi sai ta ga dama take zuwa.

A wurin jiran bas ɗin ta same ni wata Lahadi, sanyi ya ƙandarar mini da yatsu. Ta danna hon, ta tura ƙofar da ƙafarta daga ciki, don ƙofar motar ba ta buɗuwa ta waje. Ta ce in shigo kafin in zama ƙanƙara. Motar tana warin kofi da ɓawon lemo. Tun daga ranar, kowace Lahadi da safe sai in ji hon ɗin nan a saman tagata, wani irin hon mai kukan akuya, in fito da gudu. In an tashi daga coci mu wuce kicin ɗinta. Na koya mata tuwon masara da miyar kuɓewa, ta ce lallai da hannu za ta ci, miya har gwiwar hannu, ina dariya ina ce mata ko yaron goye ya fi ta iyawa. Takan tambaye ni labarin gida, ta kuma saurara da gaske. A duk faɗin ƙasar nan ita kaɗai ta san sunan mahaifiyata.

Ita ta kai ni taron da matan cocin suke yi ranar Alhamis da yamma a ɗakin ƙasa, ƙarƙashin cocin. Sukan jera kujeru a kewaye, su yi addu'a kaɗan, su yi gardama da yawa. Maganarsu ba ta wuce ɗaya: mata ne ke share coci, su koya wa yara addini, su ziyarci marasa lafiya, amma in aka zo bagade, wurin da Fada ke tsayawa, sai a ce su koma baya. Wata ma ta ce lokaci ya yi da mace za ta zama Fada. Ban san lokacin da na ce "Haba!" da ƙarfi ba. Duk suka juyo.

Sista ta ce, "Gaya mana, a ƙauyenku wa ke riƙe da coci?"

Na ce Fada mana. Sai dai shi a kan babur yake zuwa, in damina ta yi nisa kuwa sai mu daɗe ba mu gan shi ba. Ta ce to, in ba ya nan fa? Na ce goggona ce ke jan addu'a. Ita ke yi wa jariri baftisma in an ga ba zai kwana ba, ita ke shirya gawa, in an karanta Bishara kuma ita ke faɗa wa mutane abin da ake nufi.

"Wato wa'azi take yi," in ji Sista.

Na ce, "A'a, ba wa'azi ba ne, bayani ne kawai."

Suka bushe da dariya, har da mai buga cinya. Na ji haushi, amma na koma Alhamis ta gaba. Ban yarda da rabin abin da suke faɗa ba. Ni dai ɗakin akwai ɗumi, akwai mutane, in na makara kuma akan tambayi ina na tsaya.

Fadan da na tarar tsoho ne, muryarsa ta ƙare. Shi ya riƙa barin Sista ta yi magana bayan karatun Bishara, ya kuma bar yara mata suna taimaka masa a bagade, suna riƙe kyandir da ruwa. Gaskiya ta iya magana. Wata rana ta yi zancen tsofaffin da ba mai zuwa duba su, sai da na share hawaye da bakin zane, don ni na san su, ni ke yanke musu farce. To amma ba kowa ya ji daɗi ba. Wasu suka kai ƙara sama. Ba a daɗe ba tsohon ya yi ritaya, aka kawo sabo, matashi siriri mai gilashi, da umarni daga manya: mace ba za ta ƙara wa'azi a Mas ba, yara mata kuma su sauka daga bagade.

Sista da kanta ta gaya wa yaran. Ina wurin, na ga yadda suka naɗe fararen rigunansu suna kuka. Lahadi ta gaba, da aka gama Bishara kowa ya zauna, sai ita ta ƙi zama. Ba ta ce uffan ba, ta dai tsaya ƙiƙam har Fada ya gama wa'azi. Ina gefenta ina jan hannun rigarta, ina raɗa mata, "Sista, don Allah zauna, ana kallonmu." Ko gezau. Lahadin da ta biyo wasu daga cikin matan Alhamis suka tsaya tare da ita. Ni kuwa ina zaune a tsakaninsu kaina a ƙasa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga nan sai labari ya fito cewa za a sauke ta daga aikin cocin a ƙarshen wata. In aka sauke ta kuwa, ƙungiyarsu ta sistoci za ta tura ta wani wuri. Ba zan yi ƙarya ba, da na ji haka ba yaran bagade na tuna ba, ba kuma wa'azi ba. Hon ɗin nan na tuna. Na kwana ina juyi, ina ganin kaina a wurin jiran bas.

To, a wurinmu in ƙarami ya saɓa da babba, ba a tsayawa tonon wa ke da gaskiya. Dattijo ake nema, a riƙe ɗan wani abu a hannu, a je a durƙusa a ba da haƙuri. Wanda ya je ba shi ya yi laifi ba, wanda aka je dominsa ma ba lallai ne ya yi ba. Ana yi ne don kada zama ya watse. Ba a kuma gaya wa mai abin sai an gama, don kada girman kai ya sa ya hana. Na ga an yi wa babana, na ga mahaifiyata ta yi wa wasu, ban taɓa ganin an je an dawo hannu rabbana ba. Na yi mamaki ƙwarai da duk matan nan masu digiri ba wadda ta yi wannan tunani.

Matsalar ita ce dattijo. Guda ɗaya na sani mai jin Hausa, wani likita Bazazzagi, Musulmi, da muka haɗu a shagon kayan abincin Afirka na Wheaton. Ya ji ina yi wa busasshen kifi faɗa da Hausa, ya ce, "'Yata, daga ina?" Tun ranar nake ce masa Baba. Na buga masa waya na zayyana masa komai. Da na gama ya ce, "'Yata, nan fa ba gida ba ne."

Na ce, "Baba, Fada ai Fada ne ko'ina."

Ya yi dariya har da tari. "Wato ni Musulmi in je in ba Fada haƙuri saboda Sista. Allah mai iko! To, sulhu aikin lada ne. Zan zo."

Ranar Asabar da rana ya zo da babbar riga da hula, ƙamshin turare har titi. Ni kuma na ɗaura zanen zumunta. A gida ƙwai da zakara ake kai wa Fada. Zakara mai rai dai ban san inda zan samo shi ba, sai na sayo ƙwai a kanti, na fitar da su daga kwalinsu don kada su yi kama da cefane, na jera su a kwanon samira mai furanni da mahaifiyata ta cusa mini a akwati ranar da zan taho. Na rufe da farin ƙyalle.

Fada da kansa ya buɗe ƙofa. Ya dubi Baba, ya dubi kwano, ya ce mu shigo. Muna shiga falo na ajiye kwanon a gabansa na zube a kan gwiwoyina. Bawan Allah nan ya yi ja wur har kunnuwa. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa, yana cewa don Allah in tashi, ga kujera. Na ƙi, don ba a tashi sai an ji kalmar. Baba ya gyara murya, ya yi bayani da Turancinsa na likitoci, a natse. Ya ce shi ba ɗan wannan addini ba ne, amma ya san babba shi ke haɗiye fushi. Ya ce mun zo ne a madadin Sista, a yi haƙuri, a bar ta a wurinta.

Fada ya cire gilashi ya murza idanu. A lokacin na lura yaro ne, bai fi ƙanena ba, kuma a gajiye yake. Ya ce shi ba fushi yake yi ba. Ya ce dokar ba shi ya kafa ta ba, shi ma alkawarin biyayya ya ɗauka, kuma kowace Lahadi in ya ɗaga kai ya gan ta tsaye sai maganar ta tsere masa. Ya tambaya ko ita ta aiko mu. Baba ya ce a'a, a al'adarmu ba a jira a aiko mutum. Fada ya daɗe yana kallon ƙwan. Can ya ce in har za ta zo gaban majalisar coci ta ce ta yi kuskure, ta kuma daina tsayuwar nan, zai yi iya ƙoƙarinsa a bar ta tana koya wa yara tana duba marasa lafiya.

Na ce a raina, shi ke nan? Wannan ai ba komai ba ne! Na tashi ina godiya, ina sa masa albarka. Baba ya sauke ni da motarsa a ƙofar gidan Sista, ya ce, "Allah ya sa ta karɓa, 'yata."

Na same ta a kicin tana wanke kofuna. Ko zama ban yi ba na ce, "Sista, albishirinki, an gama magana!" Na kwashe komai na faɗa mata, har da ƙwai, har da yadda Fada ya yi ja. Ina jira ta rungume ni. Sai ta kashe famfo a hankali.

"Kin durƙusa masa?"

"Ƙwarai kuwa."

"Saboda ni?"

"To saboda wa?"

Ta ja kujera ta zauna, hannunta yana ɗigar ruwa a kan wando. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ta ce tun tana budurwa ta shiga wannan aiki, ta durƙusa wa duk wanda aka ce ta durƙusa masa, ta yi shiru duk inda aka ce ta yi shiru. Sau ɗaya tak a rayuwarta ta tsaya da ƙafafunta, shi ne na je na durƙusa a madadinta. Ta ce, "Kin gaya masa na yi laifi."

Na ce ban faɗa ba, haƙuri kawai na bayar. Ta ce a nan duk ɗaya ne. Raina ya ɓaci. Na ce mene ne a ciki? Kalma ce fa, ki faɗa ki wuce, zuciyarki tana nan yadda take. Ta ce, yaran nan da suka naɗe rigunansu fa, me za ta ce musu? Ni dai ban sauka ba. Na ɗauki jakata na fita, ranar a ƙafa na koma gida.

Fada kuma, da kyakkyawar niyya ina jin, ya faɗa wa majalisar coci cewa har baƙuwa daga Afirka ta zo ta ba da haƙuri saboda Sista. Kafin Alhamis magana ta zaga. Da na shiga ɗakin ƙasa sai hira ta mutu. Wata ta dafa kafaɗata cikin tausayi, ta ce kada in damu, ba laifina ba ne, haka aka rene ni, an koya mini sunkuyar da kai. Kai! Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na ce mata goggon nan tawa da kuka yi wa dariya, ita ta koya mini durƙuso, kuma ba namijin da ya isa ya ɗaga mata murya a ƙauyenmu. Na ce ku duk kuna da maza da yara da motoci, in ta tafi za ku yi taro ku yi addu'a ku koma gida. Na juya na fita. Daga ranar ban sake zuwa ba, ba kuma wadda ta buga waya ta ji ko lafiya.

Har yau ban ce na yi kuskure ba. Abin da na sani na yi, da abin da nake da shi, gwiwa da ƙwai. Ban kuma ce ita ta yi kuskure ba, ko da yake na daɗe ina faɗar haka a ɗakina ni kaɗai.

Ba ta je gaban majalisar ba. Aka tura ta wata jiha mai nisa, gidan da ake ajiye matan da ba su da wurin kwana. Lahadin ƙarshe ban sa rai ba, har na ɗauki laima zan tafi jiran bas, sai na ji kukan akuyar nan a saman taga. Na fito. Bayan motar cike da kwalaye da tukunyar fure, har da muciyar da na ba ta. Ta tura mini ƙofa da ƙafa kamar kullum.

Muka kama hanyar coci. Na yi niyyar in yi shiru har mu rabu, amma bakina bai iya ba. Na ce, "Sista, ke kin tafi da gaskiyarki. Ni me kika bar mini?"

Ta riƙe sitiyari da hannu biyu, hawaye yana bin kumatunta, ba ta share ba. Ta ce, "Na sani." Can kuma ta ce ba wanda ya taɓa yin abin da na yi saboda ita, kuma ba za ta iya karɓa ba. Ta ce in gaida mahaifiyata in na rubuta mata, ta ambaci sunanta daidai, yadda na koya mata.

A bakin coci ta tsaya, ba ta kashe mota ba. Na ce ba za ki shiga ba? Ta girgiza kai. A gida matafiyi akan raka shi har bayan gari, a riƙe masa kaya, a tsaya sai ya ɓace. Ni ko wannan ban samu ba, don motoci sun yi layi a bayanmu suna jira. Na fita, ta miƙo hannu ta ja ƙofar, ta wuce.

A ranar, da aka gama Bishara, kowa ya zauna. Matan Alhamis sun koma wata coci, wasu sun daina zuwa gaba ɗaya. Bencinmu ni kaɗai ce a kai, na ajiye jakata a inda take zama. Fada ya yi wa'azinsa tiryan-tiryan, ba abin da ya tsere masa.

Da aka tashi ya tare ni a bakin ƙofa da wata leda. Kwanona ne, an wanke shi tas, an naɗe farin ƙyallen an sa a ciki. A wurinmu ba a mayar da kwano haka nan, ko ɗan gishiri ne akan zuba. Amma ina zai sani? Ya ce ya gode, ƙwan sun yi daɗi, kuma ya yi baƙin ciki da abin bai yiwu ba. Na ce ba komai, Fada.

Na taka zuwa wurin jiran bas. Ta daɗe ba ta zo ba, ga yayyafi. Da ta zo na zauna can baya, na ɗora kwanon a cinya na riƙe shi da hannu biyu don kada ya yi ƙara. Na sauka a Wheaton, na gangara ɗakina, na kunna rediyo.